Ƙidayar Itatuwa a Hanyar Gwanja: Salaga, Yendi da Bawku

A shekarar 1796 Mungo Park, Baturen nan da ya fito neman sanin inda Kogin Kwara ya dosa, ya ratsa ƙasar Bambara kusa da birnin Segu, ya tarar ana tara 'ya'yan wani itace da bai taɓa gani ba. Da ya zo siffanta shi a littafinsa da aka buga a 1799, sai ya kamanta shi da oak, wani babban itacen ƙasashen sanyi da mutanensa suka sani. Kaɗanya ce. Kwatancen bai yi nisa ba, domin kaɗanya na da kaurin gindi da ɓawo mai tsage-tsage da rassa masu buɗewa. Amma akwai abu na biyu da ya lura da shi wanda ya fi kwatancen nauyi: ba a shuka kaɗanya, sai dai in manomi na sassabe yakan sare sauran itatuwa ya bar ta. Masu safiyon tsirrai da suka biyo bayansa sun ɗauki kusan shekara 200 kafin su auna abin da wannan magana ke nufi, kuma arewacin Gana na cikin wuraren da aka yi awon.

Ƙasar da ake magana a kanta ta fara daga Salaga a Gwanja, ta bi arewa maso gabas zuwa Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, ta miƙe arewa har ta gangara dutsen Gambaga, ta haye Farar Volta, ta kai Bawku a kusurwar da Gana ta haɗu da Togo da Burkina Faso. Damina ɗaya ake yi a shekara. Ruwan Salaga da Yendi yakan wuce milimita 1,000, sannan ya riƙa raguwa in an nufi Bawku, rani kuma ya ƙara tsawo. Dutsen Gambaga, wanda doguwar katanga ce ta dutsen yashi, shi ya raba ƙasar biyu. Kudu da shi ƙasa ba ta da zurfi, marmara na kusa, ruwa ya kwanta da damina ya ƙafe ƙaf da rani, mutane kuma ba su da yawa, musamman a Gwanja. Arewa da shi, dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa irin na Kufena ne a Zariya, kuma nan jama'a ta yi cunkoso. Kusasi na zaune gida-gida, kowane gida a tsakiyar gonarsa. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba, ba zai gane dalilin da ya sa itatuwan Bawku suka saɓa da na Salaga ba.

Tun kafin kowa ya zo da sarƙar awo, fataken goro sun san wannan daji. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango, ya sauka Yendi, sannan Salaga. Wata hanyar kuma ta gangaro daga ƙasar Mosi ta Bawku da Gambaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara. Ana kai kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu da gabu da dabbobi, a komo da goro naɗe cikin ganyen fita. A wannan kasuwa kuma an sayar da bayi masu yawa, kuma har yau ana nuna wa baƙi gurbin kasuwar bayin Salaga da kukar da ke wurin. Goron da Bahaushe ke kira na Gwanja ba ya fita a Gwanja ko kaɗan. Itacen kurmi ne, daga ƙasar Tonawa, wato Asante, ake kawo shi. Sunan kasuwa ya ci, ba na gona ba.

Madugu da jagaba ba su ajiye littafin itatuwa ba, amma rayuwar ayari ta rataya ga saninsu. Giginya da kanya da ɗinya kan nuna kwari mai ruwa kusa. Ganyen kawo da na madobiya abincin dabba ne a lokacin da ciyawa ta bushe. Dajin doka mai duhu wurin tsando ne, jaki ba ya son daɗewa a ciki. Kuka a tsakar daji, inda babu gida ko ɗaya, galibi alamar kufai ce. Rimi in ya bayyana daga nesa, an kusa gari. Wannan ma safiyo ne, sai dai a baki aka adana shi, cikin sunaye, kuma sunayen sun zauna a Gana tare da masu su. Kalmar zongo da ake kiran unguwannin baƙi da ita a duk faɗin ƙasar, zango ce. Dawadawa, wadda mutanen Gana ke kiran itacen ɗorawa da abin miyar da ita baki ɗaya, daddawa ce. A nan ɗalibin Hausa zai ga yadda aro ke taƙaita kalma: Bahaushe ya raba ɗorawa da tutunta da garinta da kalwarta da makubarta da daddawar da ake yi da kalwar, amma mai aro ya ɗauki sunan abin da ya saya a kasuwa ya lulluɓe itacen duka da shi.

Turawa sun fara kwararowa Salaga bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874, lokacin da ikon Tonawa a kan garin ya karye. Daga cikinsu akwai Gottlob Adolf Krause, Bajamushe masanin harsuna wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Ya iso Salaga a 1886, ya kuma yi shekaru a yankin yana tara rubuce-rubucen Hausa, yana kuma tsinkar tsirrai yana busarwa. Har yanzu a littattafan tsirran Afirka ta Yamma akan ci karo da sunan Salaga a gefen nasa. Binger na Faransa ya biyo a 1888. Aikin mutanen wannan zamani ba ƙidaya ba ne, tara samfuri ne: a yanki reshe mai ganye da fure, a danne shi tsakanin takardu, a rubuta rana da wuri da sunan da mutanen gari suka faɗa, a aika Turai. Irin wannan aiki yana faɗin abin da ke akwai, amma ba ya faɗin yawansa, ballantana dalilin kasancewarsa a wurin.

Siyasa kuma ta tsaga dajin. A 1888 Ingila da Jamus suka amince a bar yankin Salaga da Yendi a matsayin ƙasar da ba ta kowa ba. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka koma Kete-Karaci da wasu garuruwa. A ƙarshen 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo suka shiga Yendi. A 1899 aka raba ƙasar, aka mai da Kogin Daka iyaka: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta zama ta Togo ta Jamus har zuwa 1914. Saboda haka itace iri ɗaya, in an tsinke shi a yammacin Daka ya tafi lambun Kew a Landan, in a gabas ne ya tafi Berlin, wani lokaci kowanne ya samo suna dabam. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Berlin ta ƙone a harin jiragen sama na watan Maris 1943, kuma da yawa daga abin da aka tara a Togo ya tafi a wannan gobara.

A ɓangaren Ingila, hankalin hukuma yana kudu, inda katako da koko suke. An kafa ma'aikatar gandun daji ta Gwalkwas a 1909, aka yi dokar gandun daji a 1927, amma arewa, wadda aka mayar ƙasar kariya tun 1901, an ɗauke ta wurin samo leburori ne kawai. Abin da ya fi amfanar masu sha'awar tsirran arewa a waɗannan shekaru daga Nijeriya ya fito. J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya daga 1905, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, inda ya jera kowane suna da takwaransa na Latin. Daga baya ya haɗu da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, sannan nasa na tsirrai masu amfani a 1937. Da yake Hausa ce harshen kasuwa da na bariki a arewacin Gwalkwas, ma'aikacin daji da ya je Yendi ko Bawku zai iya tambayar suna da Hausa ta bakin tafinta, ya duba Dalziel, ya sami na Latin. F. R. Irvine, malami a Achimota, ya sa sunayen Hausa tare da na harsunan ƙasar a littafinsa na tsirran Gwalkwas na 1930.

Cinikin sunaye ya tafi ta hanya biyu. Doka ta shiga Latin da sunanta na Hausa, ta zama Isoberlinia doka. Hano kuwa aka laƙaba masa sunan likitan, Boswellia dalzielii. Ɗorawa ta zama Parkia tun 1826 don tunawa da Mungo Park, kaɗanya ma ta daɗe tana amsa Butyrospermum parkii kafin a tsayar da Vitellaria paradoxa. Wani lokaci sunan Hausa kan ɗauki bayanin da na Latin bai ɗauka ba. Akwai itacen da ke kama da kaɗanya a ganye har baƙo ya ruɗe, wato Lophira lanceolata, wanda a lissafin masana ba dangin kaɗanya ba ne. Bahaushe ya ce masa namijin kaɗanya: ga kama, amma ba a samun man kaɗe a jikinsa. Duk da haka, dogaro da Hausa yana da illa. Sunan da tafinta ya bayar ba shi ne wanda Badagombe ko Bakusashe mai gonar ke amfani da shi ba, kuma tare da sunan gida akan rasa bayanin wanda ya mallaki itacen da dokar da ke kansa.

Safiyo na sosai, mai ƙidaya da awo, ya kankama a arewa ne daga ƙarshen shekarun 1930, ya yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Hanyar aikin sananniya ce. A ja layi miƙaƙƙe da kamfas, a auna tsawonsa da sarƙa, a tsaya a tazara daidai a yanki fili, a ƙirga duk itacen da ke ciki, a auna kaurin gindinsa daidai ƙirjin mutum, a rubuta irin ciyawa da irin ƙasa. Daga irin wannan aiki C. J. Taylor ya fitar da taswirar shiyyoyin tsirran Gwalkwas a 1952. Ya sa Salaga da Yendi cikin dajin da ake kira na Gini, mai dogayen ciyayi irin gamba, mai maje da kawo da baushe da taura da marke da maɗaci a bakin rafi. Kusurwar Bawku kuwa ya sa ta a shiyyar Sudan, mai gajeriyar ciyawa da kuka da gawo da aduwa da bagaruwa, wato irin dajin da mutumin Kano ko Katsina zai gane nan take.

Sai dai masu awon sun zo da amsa a aljihu tun kafin su ƙirga. A 1935 E. P. Stebbing ya tayar da hankalin hukumomi da cewa Sahara na gangarowa kudu. A 1949 André Aubréville na Faransa ya buga littafin da ya yaɗa kalmar kwararowar hamada, yana mai cewa wannan daji saura ne na wani kurmi busasshe da gatari da wuta suka cinye. Da wannan ido, duk filin da itatuwa suka yi tazara ɓarna ce, manomi kuma maɓarnaci. Magani shi ne a killace. A shekarun 1940 da 1950 aka shata gandayen daji a bakin Jar Volta da Morago, da gindin dutsen Gambaga, da mafarin Kogin Daka. An sami sauƙin shata su a kwaruruka domin babu kowa a ciki, kuma rashin mutanen ba daga ƙarancin albarkar ƙasa ba ne. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yana sa makanta, shi ya kori ƙauyuka daga bakin koguna ya tura su tudu, kamar yadda J. M. Hunter ya nuna a bincikensa na Nangodi a 1966. Dajin da ma'aikata suka ɗauka na asali ne, sau da yawa tsohuwar gona ce da cuta ta ƙwace. Cunkoson da suka gani a tudun Bawku ma wani ɓangarensa daga nan ya samo asali.

Abin yabo ga ma'aikatan shi ne sun yarda su gwada zatonsu. A gandun Jar Volta ta Yamma, yamma da Bawku, aka ware filaye aka sare itatuwansu ƙasa a 1950. Ɗaya aka tsare shi daga wuta ɗungum. Ɗaya aka riƙa ƙona shi a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi. Ɗaya kuma a ƙarshen rani, lokacin da komai ya bushe wuta ta fi zafi. J. M. Ramsay da R. Rose Innes suka ba da rahoton shekara 11 na farko a 1963. Bayan fiye da shekara 25 da farawa, J. Brookman-Amissah da abokan aikinsa suka sake ƙirgawa, suka buga sakamakon a 1980: itace 202 a kowace hekta a filin da aka tsare, 42 a na ƙunar farko, 20 a na ƙunar ƙarshe.

Alƙaluman sun tabbatar da rabin zancen. Wuta na hana itace tashi, kuma lokacin da aka sa ta yana da tasiri, tunda ƙunar farko ta bar ninki biyu na abin da ta ƙarshe ta bari. Amma filin da aka tsare bai rikiɗe ya zama kurmi irin na kudu ba. Daji ne na arewa da ya yi kauri. A Olokemeji ta ƙasar Yarbawa, inda aka fara irin wannan gwaji a 1929 a gefen kurmi, itatuwan kurmi sun shigo filin da aka hana wa wuta. Jar Volta kuwa nesa take da kurmi, raninta kuma dogo ne. Ban da haka, gwajin ya auna daji ne da babu gona a ciki, alhali yawancin ƙasar tsakanin Yendi da Bawku gona ce ko saura. Tambayar da ta fi shafar mutane ita ce ta itatuwan da ke tsaye a cikin dawa da gero da doya, kuma ita aka fi jinkirin yi.

R. A. Pullan ya ba wannan irin fili matsayinsa a wata maƙala ta 1974 a mujallar Savanna ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nuna gona mai itatuwa tsari ne na noma da ya game Afirka ta Yamma. Awon da ya fi fito da abin fili a Gana shi ne na Peter Lovett da Nazmul Haq, wanda aka buga a 2000, a yankin yammacin Gwanja. Sun ƙirga itatuwa a daji da ba a nomawa da kuma a gonaki. A gona, kaɗanya ta kai kimanin kashi huɗu cikin biyar na jimillar itacen da ke tsaye. A daji ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Kaɗen gona kuma sun fi kauri. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. In an bar gona ta huta, ƙwallon kaɗe ya tsira tare da sauran itatuwa. In an dawo sassabe, a sare na sarewa, a bar kaɗanya da ɗorawa, a cikin kaɗen ma a zaɓi mai yawan 'ya'ya ko mai zaƙi. Noma ya rage mata abokan gasa, ya kuma rage zafin wutar da ke kai mata. A maimaita haka kaka da kakanni, sai a sami fili da baƙo zai rantse daji ne, alhali kowane itace a cikinsa hannu ne ya bar shi. Tonon da Daphne Gallagher ta yi a Kirikongo ta Burkina Faso ya nuna ana sarrafa ƙwallon kaɗe tun wajen shekara ta 100 Miladiyya.

Itacen da aka bari da gangan yana da mai shi, kuma wannan sarƙar awo ba ta iya gani. A Dagomba ɗorawa na ƙarƙashin ikon sarauta, ko da a gonar wani ta fito, har akwai masu riƙe da sarautar kula da ita. A ƙasar Kusasi da maƙwabtansu, mai kula da al'adun ƙasa, wanda ake kira tindana, shi ke tsare ƙananan kurmi na tsafi da ba a sa musu gatari, kuma a tudun Bawku waɗannan ne kusan kawai wuraren da ake ganin itatuwa a cunkushe. Tsintar kaɗe da dafa shi da fitar da mai aikin mata ne, kuma 'ya'yan na zuba ne daga wajen Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Har sunan Tamale ana cewa daga kalmar Dagbani ta 'ya'yan kaɗanya ya fito.

Abin da masu safiyo na yanzu suka fi dubawa ba yawan itatuwa ba ne, jerin kaurinsu ne. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, tana kuma iya wuce shekara 200. Saboda haka gona na iya cika da manyan kaɗe tana ba da sha'awa, alhali babu ƙanana masu maye gurbi. Haka ake samu a inda ƙasa ta yi ƙaranci aka daina barin saura, kamar kewayen Bawku, da inda garmar tarakta ke tumɓuke toho, kamar manyan gonakin Yendi da Salaga. Darbejiya, wadda ake danganta shigo da ita Gwalkwas da zamanin Gwamna Guggisberg tsakanin 1919 da 1927, ta cika garuruwa da bakin hanyoyi, tana ba da inuwa da makamashi, amma ba ta ba da mai ko kalwa. Gawayin da ake lodawa zuwa Kumasi da Ankara daga wannan daji yake fita, kuma kaɗanya na cikin itatuwan da masu gawayi ke so saboda nauyin icenta.

Madobiya ta ga nata tashin hankalin. Daga farkon shekarun 2010 buƙatar jan katakonta a Sin ta sa aka shiga dazukan Gwanja da na gindin Gambaga da injin yanka. Gwamnatin Gana ta hana sara da fitarwa sau da dama, ana ɗagewa ana maidowa, har aka sake hanawa a watan Maris 2019. Tun farkon 2017 itacen ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin duniya. A yau hoton tauraron ɗan'adam na iya ƙirga kan itatuwa ɗaya-ɗaya a faɗin gunduma guda, abin da zai ɗauki ma'aikacin zamanin Taylor shekaru yana jan sarƙa. Amma daga sama kaɗanya da namijin kaɗanya da darbejiya duk ɗigo ne kore, kuma tsiron da bai kai gwiwa ba ba ya fitowa a hoton. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta Nyankpala da tasharta ta Manga kusa da Bawku, da tashar binciken kaɗanya ta Bole, har yanzu suke tura ma'aikata gona da tef da littafi, su auna gindi, su tambayi mai gonar ko matarsa sunan itacen da shekarar da aka bar shi.